Raƙumin Zauren Madugu

Birni, Damagaram, 4 ga Mayu

Zuwa ga Uwata Raudatu,

Bayan sallama, ina karatu, ina zafin Yamai? Da fatan ciwon idon nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san sau biyu jarabawar sartifika ta kayar da ubanki, a na uku mushe, malaminmu, da kansa ya roƙe ni in bar lakwal, wai makaranta ma ta huta.

Na ga saƙonki kan littafin Baturen nan da ake koya muku, na gidan attajiran da suka ƙare a zuriya ta huɗu. Kika ce har kuka kika yi, wai kamar mu. Na lissafa da yatsa. Madugu Abdulmumin ya kai fata da gashin jimina Tarabulus a kan raƙuma. Ɗansa ya yi kamyon, babbar motar jigilar gyaɗa. Babana ya riƙe shago ɗaya a Kasuwar Dole, ya kuma rufe shi da hannunsa. Na huɗu ni ne, mai facin keke a ƙofar gida. Wai Baturen nan a ina ya san ni?

Ga abin da ake ciki. Baffanki Alkasum ya samo mai son gidan, zai rushe ya jera shagunan butik. Na ƙi. Dattawan dangi suka yanke cewa in zauren Madugu ya faɗi a daminar bana, in sa hannu a sayar. In ya tsaya, a binne maganar. Shekara bakwai rabonsa da yaɓe. Raƙumin da aka zana a goshinsa saura wuya da ƙafa ɗaya. Yaya Alkasum, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, yanzu kullum yana duban gabas kamar manomi.

Ni zan yaɓe shi. Ki daina kukan nan, ki adana idonki.

Babanki, Tahiru

Birni, 11 ga Yuni

Uwata,

Ina gajiya, ina jarabawa? Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

An ce zamanin Madugu ganga ake bugawa, mutum arba'in su fito yaɓe. Ni na bi unguwa gida-gida, na samu biyu: Sule mai shayi da maƙwabcinmu Bitrus, tsohon ma'aikacin asibiti, wanda ya ce a zauren nan kakansa ya fara kwana da ya zo garin. Mu uku, haƙoranmu ba su cika baki biyu ba.

Na kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin jaki, na shafa ran nan ran nan. Ashe sai an bar ta ta kwana biyar ta ruɓa. Jikan masu gida ne ni, ba wanda ya taɓa gaya mana, mu dai kallo muka gada. Kwana biyu yaɓen ya tsage ya zubo a kan kekunan mutane. Baffanki ya zo wucewa, ya yi mini sannu da aiki har sau uku.

Na sake kwaɓawa. Wari ya kori masu shan shayin Sule, amma wannan karon ta kama. Na hau tsani na gyara indararo, Bitrus yana riƙe da ƙafata yana lissafa mini ƙasusuwan da za su karye. Sai na zo kan raƙumi. Uwata, na yi iyakar ƙoƙarina. Innarki ta fito ta duba, ta tambaye ni akuyar waye.

Ki sa mu a addu'a. Hadari ya fara haɗowa.

Babanki, Tahiru magini

Birni, 29 ga Satumba

Uwata Raudatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin ƙawarki Sakina?

Ruwa ya ɗauke. A watan Agusta an yi wanda ya kwantar da katangar baya da ɗakin kaji, na tsaya cikinsa da buhu a ka ina kallon zaure, ina ce masa in ya faɗi to tare za mu tafi. Bai faɗi ba. Jiya dattawa suka zo suka ƙwanƙwasa bango, suka binne maganar. Baffanki ya zauna a ciki ya sha fura, ya daɗe yana kallon azara. A nan aka yi masa aski ranar suna, kin sani.

Akuyar nan kuwa na shafe ta. Ban taɓa hawa raƙumi ba, don me zan yi wa bango ƙarya? Na zana keke, da ƙafa biyu da ƙararrawa, kowa ya gane shi daga bakin lungu. Masu dariya suna yi, ni ma ina taya su.

Ki gaya wa malaminku na huɗu yana nan da ransa, yana faci. A gefen keken na bar fili kamu uku ban zana komai ba. Naki ne. In kin zo hutu ki zo da tsofaffin kaya, ƙasar tana wari.

Ni ne babanki,
Tahiru na Gidan Madugu