Ɗakina Ɗaya da Injin Yankan Ciyawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta, da Auta sarkin rigima? Ni lafiya lau, aikin lambun gidan nan bai fi ƙarfina ba. Har ɗaki aka ba ni, sai dai mu biyu ne da injin yankan ciyawa.

Injin nan kamar jariri nake lallaɓa shi. Ba na zuba masa fetur sai ya huce, kuma a waje. In na gama aiki, sai ya shanye mansa tas, na cire wayar fulogi, na kankare ƙarƙashinsa, sannan ya shigo. To, yaya aka yi ranar hutuna na dawo na tarar da shi da ɗumi, tanki cike, ɗaki yana warin fetur?

Direban gidan nake zargi. Murmushinsa ya yi yawa, ga maƙwabtan da ba su da inji ciyawarsu kamar an yi mata aski. Da hutu ya zagayo na ɗora tsinke a kan murfin tankin, na dawo na tsince shi a ƙasa. Da na tuntuɓe shi sai ya ce, "Ƙanena, rana ce ta buge ka," yana kunna sigari a bakin ƙofata. Maigida kuwa ba ya ganin laifinsa.

Ku sa ni a addu'a. In Inna ta tambaya, ka ce ɗakina akwai iska. Ba ƙarya ba ne, na daina rufe ƙofa in zan kwanta.

Ƙaninka,
Dogo