Asibitin Sistoci a Bakin Tafki

Kusa da Wara

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, kai da duk mutanen tunga. Yaya ruwa, yaya kamu? Tunda babu sabis a wurinku, na ba Bashiru mai jirgi wannan takarda ya miƙa maka.

Kada ranka ya ɓaci, na kawo Ummi asibitin sistoci. Bayan tafiyarka ƙyandar ta sake ta, amma ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ko kunu ba ta haɗiyewa. Inna ta yi jiƙe-jiƙenta har ta gaji, ita da kanta ta ce in ɗauko ta. Sun ce tamowa ce, kuma jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Yanzu ta hanci suke ba ta madara da wata 'yar roba. 

Na san abin da ake faɗa a tunga, wai in mutum ya shiga hannunsu sai sun juya mishi addini. Ni dai babu wadda ta tayar mini da wannan zance. Wadda ke kula da mu, Sista Grace, mutuniyar Zuru ce, ita ta nuna mini gabas ta shimfiɗa mini tabarma a bayan ɗakin magani. Sistocin su uku ne, suna lulluɓe kai kamar mu, har carbi gare su. Na tambaye ta ina maigidanta, sai ta yi dariya. Ta ce sun ɗaukar wa Allah alkawari uku: ba aure, ba abin da za su kira nasu, kuma duk inda shugabarsu ta tura su za su tafi. Wai an kafa ƙungiyarsu ne domin mata da yaran da asibitin gwamnati ya yi wa nisa. Ban gane yadda mace za ta zaɓi rayuwa haka ba, amma na ga yadda take riƙe ɗiyarka.

Ka sa mu a addu'a. Taka,
Hansatu

Kusa da Wara

Baban Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka cikin tashin hankali. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyukan da ke bayan dutse sun kore shanu, an ce sun nufo bakin ruwa. Tun safe mutane ke wucewa ta ƙofar asibiti da ƙullin kaya a ka. Duk mai iya tafiya an sallame shi. Mun rage mu biyar: ni da Ummi, da wata mai jego da aka yi wa ɗinki, da tsofaffi biyu.

Shugabarsu ta bugo waya ta ce su rufe su fito. Ina zaune a baranda na ji Sista Grace na amsa mata. Ta ce, “Uwa, za mu bi umarni. Amma ina roƙo kada a ce mu fita mu kaɗai. Akwai yarinyar da in aka zare mata robar nan ba za ta kai gobe ba.” An daɗe ana magana kafin shugabar ta yarda su fita da mu duka zuwa Yelwa. Hanyar mota ba ta biyuwa, sai dai ta ruwa, kuma masu jirage duk sun cika da iyalansu.

Na tambaye ta, da an ce a'a fa? Ta ce ba ta sani ba, tana gode wa Allah da bai gwada ta da wannan ba. A nan na gane ita ma tsoro take ji, sai nawa ya ƙaru.

In takardar nan ta same ka, ka bar taru ka zo da jirginka. Ban taɓa roƙonka ka bar ruwa ba sai yau.

Hansatu

Yelwa

Baban Ummi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Alhamdu lillahi, muna Yelwa da ranmu. Bashiru ya ce da ya isa tunga kun riga kun yi nisa wajen tsibirai, don haka ban riƙe ka da komai ba. Shi ya dawo ya sauke buhunansa na bandar kifi a gaɓa ya ɗebe mu.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Iska ta taso a tsakiyar tafki, ruwa na faɗowa cikin jirgi. Ni ina karanta duk abin da na sani, sistoci na jan carbinsu, Sista Grace ta ɗaga ledar ƙarin ruwan mai jegon nan sama har hannunta ya sandare. Ɗaya daga cikin tsofaffin, Baba Giɗaɗo, ya cika kafin mu sauka. Sista Grace ce ta juya fuskarsa gabas, ta ce da ni in yi mishi abin da ake yi a wurinmu.

An yi wa Ummi ƙarin jini a babban asibiti. Jiya ta fizge cokali daga hannuna ta kai bakinta da kanta.

Labari ya zo cewa an fasa asibitin sistocin an kwashe magunguna, an ƙone ɗaki guda. Duk da haka shugabarsu ta amince Sista Grace ta riƙa zagaya tungaye da akwatin magani, ta je ta dawo kafin la'asar, don akwai masu ciki da ta san watansu ya kama. Masu jirgi duk sun ƙi, sun ce ɗaukar ta jawo idon 'yan bindiga ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ni kaina in na tuna abin da ka iya faruwa, abinci ba ya shiga mini.

Amma na riga na ce mata mijina zai kai ta. Na yi alkawari da bakinka ba da izininka ba, ka gafarce ni. Tana jiranka a bakin kasuwar kifi ta nan Yelwa ranar Asabar da safe. Za ka gane ta, ita ce mai farin lulluɓi da tsohon takalmin roba.

Ka gaishe mini da Hafizu da sauran abokan aikinka.

Matarka,
Hansatu