Yadin Shirwa

Agege, Legas
9 ga Yuli, 1987

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna, da maiɗakinka Hure, da maiɗakina Luba da yara. Yau shekara uku da wata huɗu rabona da Rijiyar Tsamiya.

Har yanzu ina wurin Ba'indiyen nan ina guga. Ka tambaya wai da gaske jirgin leda muke yi. Da gaske ne. Abin da muke yi da ledar burodi muna yara Baba yana zane mu, shi ake ɗinkawa a nan da yadin nailan, 'ya'yan masu hali su je bakin teku su saki. Ni ne mai fitar da yamutsin yadin kafin a yanka. Ga furfura a gemu, ga sana'ar da na samu.

Ka ce bara tsuntsayen jan-baki sun cinye mana rabin gero. Cikin irin da muke ɗinkawa akwai mai siffar shirwa. Na ga an ɗaure ta a doguwar gora iska ta ɗaga ta, ko tattabara ba ta sauka a filin ba. Shekara guda ina tsintar guntayen da ake zubarwa, da sanin mai wurin. Ga su nan a hannun Muhammadu Sani direba, tare da zane a takardar siminti na yadda za a yanka a ɗinka shirwa, a kafa a gona.

Ka ji ni da kyau. Za su iso a yamutse, in kuwa aka yanka a haka, fiffike ɗaya zai fi ɗaya, ta dinga kifewa. Wannan ba shadda ba ce. A shimfiɗa, a rufe da jiƙaƙƙen zane, a bi da dutsen guga mai ɗumi kawai, wanda za ka iya ɗora tafin hannunka a kai. Ba ya son wuta.

In rumbu ya cika bana, zan dawo da kaka in zauna. Na gaji, Yaya. Abin da nake aikowa ba ya sayen rabin abin da yake saya da, ku kuma kullum a ƙara.

Ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Muntaka

Rijiyar Tsamiya, ta Tsanyawa
2 ga Agusta, 1987

Zuwa ga ɗan'uwana Muntaka,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, takardarka da saƙonka sun iso, Allah ya saka da alheri. An yi yadda ka ce. Shirwa tana aiki. Gero ya fitar da kai, ruwa kuma alhamdu lillahi. Inna tana fama da ƙafa, amma da sauƙi. Kowa yana gaishe ka. Ka kwantar da hankalinka.

Wassalam,
Yayanka Iliyasu

Agege
30 ga Agusta, 1987

Yaya,

Bayan gaisuwa. Muhammadu Sani ya sauka jiya. Na ce masa, "To, ka ga shirwata?" Ya ce, "Wace shirwa? Ni dai na ga yayanka a tsakiyar gona yana kaɗa gwangwani yana ihu kamar an ce ga ɓarawo." Ya yi dariya, ni ma na taya shi, don kada ya gane.

Ba zan ce ka taɓa cin haƙƙina ba. Gonata da ka riƙe, ka riƙe ta da amana, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Amma ka rubuto min abin da babu, ka rufe da wassalam. In sayarwa ka yi a kasuwar Tsanyawa, ka faɗa min. Na san yadin yana ɗaukar ido, na san zamanin da ake ciki. In kuwa kunya ka ji, kada maƙwabta su ce ɗan Malam Basiru ya kafa wasan yara a gona, wannan ma ka faɗa. Shekara guda ina durƙusawa ƙarƙashin teburin wani ina tsince, yaran shago suna ce min mai shara. Ban yi don a burge ni ba. Na yi ne don in dawo gida.

Ina jiran amsa, ba gaisuwa ba.

Muntaka

Rijiyar Tsamiya
14 ga Satumba

Malam,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Da ajami na rubuto da hannuna, don ba na son wani ya ji. Yaya ya karanta takardarka ya ninke ya sa a aljihu, ya ce ba zai amsa ba. Hure ce ta gaya min abin da ke ciki.

Malam, ba Yaya ba ne, ni ce. Da kayan suka iso, unguwa ta cika gidan nan, kowa yana son ganin shirwar Legas. Na ce kayan mijina ne, ba mai goge su sai ni. Yaya ya karanta min bayaninka har sau biyu. Na sa jiƙaƙƙen zane, na bi sau uku, layin ninkin yana nan kamar an zana shi. Ni kuwa tun da Inna ta koya min guga, in yamutsi ya ƙi, gawayi ake ƙarawa. Na ƙara, na fifita. Gawayin na ranar ke nan, sai na jera su gaba ɗaya ɗaya kan ɗaya, yadda nake yi wa kayan yara don wuta ta isa. Na danna. Da na ɗaga, sun manne sun zama ƙanzo, wari ya cika ɗaki.

Yaya ya shigo ya gani. Sai ya ce, "Luba, kawo in binne, kada Inna ta gani." Ya hana ni gaya maka, wai kana can kai kaɗai, baƙin ciki zai yi maka yawa. Tun daga ranar yana gona daga asuba har faɗuwar rana da gwangwani. Gonarka ya tsare, tasa ya bar wa Allah. Yanzu muryarsa ta dishe, a masallaci ma wani ne ke kiran salla a madadinsa.

An yanke gero. Naka dami goma sha tara, nasa bakwai. Rumbu bai kai rabi ba.

Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma ka wanke Yaya.

Matarka,
Luba

Agege
3 ga Oktoba, 1987

Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe min. Ƙaryar dai ba ta yi min daɗi ba, har yanzu. A haɗa geron wuri ɗaya a raba daidai, kada ka yi min musu.

Ka gaya wa Luba ba ita kaɗai ba ce. Ni da dutsen lantarki nake aiki, mai abin murɗawa a rage zafi, na manta na gida ba shi da shi. Kuma da na goge su a nan na naɗe a jikin sanda, da sun iso a miƙe. Na cusa su a jaka ne don kada a ce kaya ne a caje ni.

Bana ba zan dawo ba. Na koma tsince. Zuwa yau ina da falle biyar, baƙi uku, ruwan toka biyu. Fiffike ɗaya ke nan.

Ƙaninka,
Muntaka