Tafin Hannun Innata A Bayan Allon Sola

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a cikin nan. Don Allah ku ba ni shawara, domin kwanakin nan na rasa yadda zan yi, kuma mutum ne ya sa ni haka.

Ni 'yar Hausawan Sudan ce, irin waɗanda hanyar Makka ta ajiye kakanninsu a nan, in kun ga Hausata ta ɗan karkace ku yi haƙuri, a baki muka gaje ta ba a takarda ba. Kafin yaƙi shayi da gahawa nake sayarwa a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum kusa da tashar motoci, da shi nake riƙe 'ya'yana biyu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Babana manomi ne a Aljirif da ke gefen Khartum, yana da 'yar gona a gaɓar kogi, albasa da lalo da ɗan abin da Allah ya hore. Da man injin ban ruwa ya gagari talaka, sai Inna ta kwashi adashinta, ni ma na kawo nawa, muka sayi allunan sola guda huɗu da ƙaramin famfo. Wanda ya zaɓo mana su kuma ya ɗaura su da hannunsa Kawu ne, ƙanin Inna ciki ɗaya, mai aikin wutar lantarki a Umdurman.

Ranar da ruwa ya fara zuba a gonar aka yi karama, wato yankan godiya da muke yi a nan in an samu sabon abu. Akwai kuma al'adar tsoma hannu a jinin yankan a manna a jikin sabuwar mota ko ƙofar gida, wai maganin bakin mutane. Baba ba ya so, ya ce abin ba shi da asali a addini, Inna ta ce masa shi ya tsaya a kan littafinsa ita za ta tsaya a kan adashinta. Ta bi bayan allunan ɗaya bayan ɗaya ta manna hannu. Hannun Inna kuwa ba ya ɓuya, lauje ya cire mata rabin yatsan tsakiya tun tana yarinya tana aikin gona a yankin Jazira. Muka sha dariya ranar, Kawu yana cin naman ragon yana cewa wannan hatimin ko ɓarawo ya gan shi sai ya dawo da kaya. Ku riƙe min wannan maganar tasa.

Abin da ya faru da garin nan kun ji shi, ba sai na maimaita ba. Mun gudu wajen dangi can gabas, a can Inna ta kwanta ciwo, a can muka binne ta. Ko hotonta ba ni da shi, wayar da hotunan ke ciki a hanya aka karɓe ta. Da muka dawo muka tarar da gidanmu ba ƙofa ba taga, har wayar cikin bango an zare, gonar kuma ƙarafunan da allunan ke kai ne kawai a tsaye. Baba ya ƙi zuwa ya zauna a gidan kowa, ya kafa rumfa a gonar, da jarka yake ɗebo ruwa daga kogi yana shayar da ɗan ɓangaren da ƙarfinsa ya kai, mutumin da ko ruku'u da ƙyar yake yi. Duk bayan salla sai ya yi Allah ya isa ga wanda ya ɗauki allunan da wanda ya saya.

Ni kuma Kawu ne ya ɗauke ni da yarana ya ba mu ɗaki a gidansa, wannan ba zan ɓoye ba, alheri ne. Lokacin ya samu shugabancin wata cibiya da wata ƙungiya ke ɗaukar nauyi, ana koya wa mata da matasa aikin sola, tunda wuta ta zama labari kowa rana yake kallo. Shi ne ya rubuta sunana cikin ɗalibai. Wallahi na so aikin nan. Hannun da bai san komai ba sai gawayi da kofuna, yau shi ne ke haɗa waya da batir da inbata, na san yadda ake karkata allo ya fuskanci rana, na san ƙura kaɗai tana iya cinye ƙarfinsa. A cibiya Ustaz ake ce wa Kawu, kullum da farar jallabiya, kullum wa'azinsa ɗaya, wai wannan sana'a ce mai tsabta, ba hayaƙi ba cuta, za mu sake gina ƙasa da hannu mai tsabta. Kalmar tsabtar nan har ta fita a kaina.

Makon da ya wuce aka zo darasin karanta takardar da ke manne a bayan allo, wadda ke nuna ƙarfinsa. Allunan da muka saba aiki da su ba su isa ba, sai aka buɗe sito aka ce kowa ya ɗauko. Ni da abokiyar aikina muka ciccibo ɗaya muka kifa shi a tebur. Takardar an kankare ta. Amma daga ƙasa ga tafin hannu nan, ya yi duhu kamar tsohon lalle, yatsan tsakiya rabi. Ban san lokacin da na ɗora hannuna a kai ba. Na fita bayan aji na zauna a ƙasa, 'yan ajinmu suka ɗauka zafi ne ya buge ni, har aka kawo min zoɓo mai sanyi. Da aka tafi fatur, wato karin kumallon hantsi, na koma siton ni kaɗai na bi su ina juyawa. Duka huɗun suna nan. Ga wasu kuma, wani an shafe suna da fenti, wani ana ganin rabin sunan masallaci. Kuma rabin ajinmu mutanen da aka kwashe wa gidaje ne, wa ya sani ko wata a kan kayan gidansu take koyo.

Da la'asar a gida na samu Kawu na faɗa masa abin da na gani. Na zaci zai firgita ko ya rantse bai sani ba, da ya yi haka ma da na samu abin riƙewa. Ko kofin shayinsa bai ajiye ba. Ya ce a kasuwa ya saya lokacin da ake baza irin kayan nan a ƙasa, kuma yana gani ya gane su, wai shi ya sa ma ya saya don kada su faɗa hannun bare. Na ce to Kawu in don mu ka saya, me ya sa Baba yake ɗaukar jarka wata da watanni? Ya ce cibiya na bukatar kayan aiki, masu ƙungiya in sun zo sai sun duba sito, kuma a saninsu sababbi ya sayo. Sai ya ce, “Malesh ya bitti, yi haƙuri 'yata, ƙasar gaba ɗaya haka take yanzu, in kika ce sai kin tambayi asalin kowace tukunya ba za ki ci abinci a Khartum ba.”

Abin da ya fi min ciwo shi ne, duk Juma'ar da ya samu hali Kawu yana ƙetare gada ya je gaida Baba, da ɗan sukari da dabino a leda. Yana zama a tabarmarsa, Baba ya yi Allah ya isa, shi kuma ya shafa ya ce amin. A gabana ya sha yi. Ya kalli tsohon nan yana hawowa daga kogi da jarka, ya ce masa sannu Alhaji, ya koma ya kulle sito. Kayan 'yar uwarsa ne fa, wadda ta goya shi.

Washegarin ranar da na yi masa maganar, Kawu ya kira ni ofis wai ya samo mafita. Ranar Alhamis mai zuwa za a yi walimar yaye mu, baƙi za su zo da kyamarori. Zai sanar da cewa ni ce ɗalibar da ta fi ƙwazo, a ba ni biyu daga cikin allunan a matsayin kyauta, in karɓi lasifika in yi godiya, sannan a sa ni cikin masu zuwa ɗaura sola a asibitocin unguwa, aiki mai albashi. Sauran biyun kuma wai daga baya in sha Allahu, ni kuwa na san in sha Allahun Kawu. Sharaɗi ɗaya ne, in wanke tafin hannun Inna daga bayan duka huɗun kafin ranar, domin baƙi in sun gani za su yi tambaya, kuma ai jini najasa ne. Yanzu ne ya tuna da najasa. Ya buɗe durowa ya miƙo min soso da sabulu yana murmushi, ya ce ai an koya mana wanke allo, in nuna abin da na koya. Jama'a, kayan uwata za a ba ni kyauta ana tafi, ni kuma in ce na gode.

Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. In na kai magana ga masu ƙungiya wataƙila su rufe cibiyar, 'yan ajinmu da suka sha wahalar zuwa, wasu a ƙafa, su tashi ba satifiket ba aiki, su ba su ci ba su sha ba. Ni da yarana kuma mu koma ina, gidan da ba ƙofa? Dangi za su ce na ci tuwonsa na tona masa asiri, ba wanda zai tambayi me ya yi. Sannan kogi ya ja baya, lokacin dashen albasa ne, kuma da ɗan ilimin da na samu na san alluna biyu za su iya tayar da famfon in rana ta take, ko ba ƙarfi sosai ya fi jarka. In kuma na yi shiru, da hannuna zan goge abu ɗaya tak da ya rage min na Inna, in tsaya kusa da mutumin nan ina washe baki a hoto, sauran kayan mutane kuma su ci gaba da zama a sito. Na san ba shi ya je ya kwance su ba. Amma ni dai ko gaisuwarsa ta safe yanzu da ƙyar nake amsawa.

Jiya na hau mota biyu na je Aljirif da niyyar in faɗa wa Baba komai. Na same shi ya wanke jallabiyarsa ya shanya a kan ƙarafunan nan da allunan suke a da. Ashe Kawu ya riga ni, ya gayyace shi walimar, har ya ce zai aiko a ɗauke shi. Baba sai sa masa albarka yake, wai a zamanin nan samun mai riƙe zumunci irinsa sai an tona. Ina neman ta inda zan fara, sai ya dubi ƙarafunan ya ce, “Kin san da na sani ban yi wa uwarki faɗa ranar karama ba. Ruwan ma na haƙura. Da dai ɗaya suka bar min, in riƙa leƙawa ina ganin hannun nan nata.”

Na ɗauki jarkar na sauka kogi na ɗebo masa ruwa.

To 'yan uwa, Alhamis ta kusa, soso da sabulun suna cikin jakata har yanzu. In wanke in karɓi biyun in kai wa Baba ruwa, ya mutu bai san hannun matarsa ya dawo an goge ba? Ko in ƙi wankewa in bar shi ya gani da idonsa a gaban kowa, abin da zai faru ya faru? Ke da kika rasa uwa, kai da kake da tsoho a raye, me za ku yi in ku ne?