Hula ta Ashirin

Zuwa ga sanyin idona, inuwata, Baban Chizuru,

Ya kai gawona mai ganye a lokacin da sauran itatuwa suka bushe, ya rijiyata da ba ta taɓa ƙafewa ba, ya hasken hantsi a kan tabkin Biwa, amincin Allah ya tabbata a gare ka, tare da gaisuwar macen da ta kasa ɗaga kanta. Yaya jikin Inna? Murar ta sassauta? Tana ɗan shan romo kuwa? Don Allah a riƙa ɗumama mata safa kafin ta sa, ka san ƙafarta ba ta jure sanyi.

Da Hausa na rubuto maka, harshen da ka koya a bakin rijiyoyin da ka haƙa a Damagaram, wanda ka nemi aurena da shi kana zufa cikin babbar rigar aro. Kaicona! Da a ce da shi na yi magana ranar nan a kan dutse, da kai kaɗai ka ji munin abin da ya fito daga bakina. Amma na zaɓi harshen mahaifiyarka, wanda kowa a wurin yake ji, na ɗaga murya da shi, ni da maƙwabta ke cewa ba a jin tafiyata.

Yau kwana goma sha ɗaya kana Nagahama wurin Inna, ni da Chizuru muna gida a Nagoya. Ba ka yi min faɗa ba, ba ka ce na ɓata maka ba. A tasha ka ce kawai, "Ku je, Inna na da mura, zan ɗan zauna." Ɗan zaman nan shi ne ya zame min dutse a ƙirji. Kullum da asuba ina shimfiɗa darduma biyu, taka a gaba tawa a baya, sai na tayar da sallah in tuna babu mai jan ta. Kofinka na nan a kife. Ya masoyina, yaushe gida mai ɗaki uku ya zama daji haka?

Ka tuna yadda muke yi kowace sabuwar shekara tun zuwana? A cika mota, kai da ni da Chizuru, Inna a gaba da bargo a cinya, ƙanwarka Mitsuko a baya tana ɓare lemo tana tsokanar kowa. A fara da wurin bautar da ke bakin tabki, mai jar ƙofa, a wuce na cikin gari, a ƙare da tsohon haikalin kan dutse da Inna ta fi so. Ni kuwa kullum a waje nake tsayawa. Ba wanda ya taɓa tilasta min, ba wanda ya taɓa haɗe rai. Mitsuko ce kaɗai, da mun iso sai ta zube min kaya a kan benci ta ce, "Yaya mai gadin jakunkuna, an iso wurin aiki! Ki kula da tawa, akwai asirin tsufana a ciki." Kai kuma ka sayo gasasshen dankali mai zafi, ka danƙa min a tafin hannu, ka gyara min mayafi a wuya, ka ce, "Ba za mu daɗe ba." Wallahi ɗumin dankalin nan ya fi min duk wata kalmar so da aka taɓa rerawa.

Sannan ka durƙusa, Inna ta hau bayanka, tun shekarar da gwiwarta ta ƙi matakala. Ina jin ku kuna hawa. Ka ce, "Inna, bana kin ƙara nauyi." Ta ce, "Ƙarya kake, kai ne ka tsufa. Tafi a hankali, kayan fashewa ka ɗauko." Matakala ɗari biyu da talatin, dusar ƙanƙara na sauka a furfurarka da tata, har ku ɓace cikin dogayen itatuwa. Nakan zauna ina kallon sawunka, ina cewa a raina: ya Allah, wane alheri na yi Ka ba ni wannan bawa naka?

Bana Inna ta manta ƙaramar jakarta a kan benci. Na ɗauka maganinta ne a ciki. Na yi ta juya abin a raina, na ce rai ya fi ƙarfin ƙyanƙyamina, na yi bisimilla na shiga ƙofar da shekara ashirin da biyu ban taɓa shiga ba. Ka ga ikon Allah? Da hannuna na kai ta.

Na same ku bayan babban ɗakin, inda ƙananan gumakan dutsen nan suke jere, ɗaruruwa, masu fuskar jarirai, kowanne da jar hula da ɗan zane a wuya. Na daɗe a ƙasar nan, na san na 'ya'yan da ba su zauna a duniya ba ne. Abin da ban sani ba shi ne muna da namu. Inna ta gan ni, ta yi ɗan turus, ta karɓi jakar da hannu biyu ta gode. Ba magani ta fitar ba. Jar hular ulu ce. Ta share ƙanƙarar da ke kan wani ɗan dutse a jeri na uku, ta cire tsohuwar hula da ta koɗe, ta sa sabuwar, ta ja ta har kunnuwa, kamar yadda ake yi wa yaro zai fita makaranta. Na duba ƙasansa. Sunan gidanmu, Kuwabara. Ranar sha huɗu ga watan ɗaya. Da sunan ɗana.

Ka san abin da ya biyo baya, amma bari in rubuta shi, don wanda ke neman gafara ba ya taƙaita laifinsa. Na fizge hular. Ta faɗi cikin caɓin ƙanƙara, na ga takalmina a gefenta, ban sani ba ko na taka. Na juyo gare ka, gaban mahaifiyarka, gaban 'yarka, gaban baƙin mutane da suka tsaya da turare a hannu, na ce: "Ashe shekara ashirin kana sallah a gabana, kana zuwa nan kana bautar dutse da sunan ɗana? Ashe duk wasa ne?" Ni na faɗi haka. Ga mutumin da ya yi azumi talatin yana haƙa ƙasa a zafin bazara, ba don kowa ya gani ba. Ga mutumin da ya yi wa yaron nan kiran sallah a kunne. Innalillahi! Wace ce ni da zan auna imanin wani, ni da ban gama auna nawa ba?

Da ka mare ni da ya fi min sauƙi. Da Inna ta zage ni da na samu abin riƙewa. Amma tsohuwar nan mai shekara tamanin da huɗu ta dafa sandarta, ta sunkuya min, ni surukarta, har na ga tsagar gashinta. Ta ce, "Yi haƙuri, Hurera. Ban yi tunani ba. Sanyin nan ne na ga ya yi masa yawa." Ka durƙusa, ta hau, kuka sauka. Wannan karon ba wanda ya ce wani ya ƙara nauyi.

A wurin ajiye motoci Mitsuko ta tare ni, kafin ku gama saukowa. Ban taɓa ganin fuskarta ba dariya ba sai ranar. Ta ce, "Yaya, ke mai ilimi ce, to saurara ki ƙara. Yayana bai taɓa haɗa hannu gaban dutsen nan ba, ko sau ɗaya. Sauke ta yake yi ya juya baya, yana kallon itatuwa yana motsa baki da karatunku, har ta gama. Kun ɗauke mata jika kun kai shi maƙabartar Musulmi ta Yamanashi, kun ce ba a ƙona gawarsa kamar yadda ake yi a nan, ta yarda. Ta roƙi ɗan wani abu na jikinsa da za ta sa a kabarin gidanmu kusa da Baba, kun ce ba ya halatta, ta yarda. Kun ce mata ba sa bin gawa, ta zauna a gida tana kallon bango. To ina kike so ta je ta gaishe shi? Kin ga yatsunta? Ko cokali da ƙyar take riƙewa. Tun watan tara take saƙa wannan, layi biyu a yini. Ta ce ita ce ta ƙarshe, bana ya cika ashirin, ya zama babban mutum, ba zai ƙara bukatar hular kakarsa ba." Ta buɗe min ƙofar mota ta ce, "Shiga, sanyi zai kama ki. Ba mu da mai saƙa miki."

Ya hasken raina, akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, shi ne tushen wannan ɓarna. Shekara ashirin ina riƙe da Inna a zuciya. Ranar da yaron ya koma, bayan kwana biyu kacal a duniya, ta zo asibiti ta zauna gefen gadona tana ɓare lemo, tana miƙo min ɓari ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce komai ba. Bayan nan ma ba ta taɓa ambatonsa ba. Na ce a raina mutanen nan zuciyarsu ƙanƙara ce, sun shafe shi kamar ba a yi shi ba. Ban tsaya na ga ni ma ban taɓa ambatonsa ba. Ɗan fari ne, an tarbiyyantar da ni cewa ba a kiran sunansa, ba a kuka a kansa a gaban mutane. Ita ta ga shiruna ta ce kada ta fama min ciwo, ni na ga nata na ce ba ta damu ba. Mata biyu a teburi ɗaya, muna miƙa wa juna shayi, kowacce na goye da yaro ɗaya a ɓoye! Kowace Sallah ni da kai muna zuwa kabarinsa, mu cire ciyawa, mu yi addu'a, mu dawo. Sau nawa na ce a ɗauko kakarsa? Ko sau ɗaya. Ita kuwa hula ashirin.

Na so in ce da ka faɗa min tun farko. Na rubuta, na soke. Da ka faɗa, da me zan yi? Ka san matarka. Ka tsaya tsakanin uwa da mata shekara ashirin, ɗaya a bayanka ɗaya a ƙasan matakala da dankali a hannu, kana kare kowacce daga 'yar'uwarta, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Malaminmu na allo ya sha faɗa mana cewa uwa uwa ce ko da hanyarku ta bambanta, a zauna da ita da kyautatawa. Ni na haddace, kai ka aikata.

Ba zan yi maka ƙarya don ka dawo ba, ya abin ƙaunata, ka fi ƙarfin haka a wurina. Har yau ban yarda dutse na jin sanyi ba. Ɗana na wurin Ubangijinsa, inda babu sanyi babu zafi, kuma hannuna ba zai sa wa gunki hula ba har in koma ga Allah. Amma tsohuwar da ke tsaye gabansa tana jin sanyi, ita na wulaƙanta, kuma ita ba dutse ba ce.

Hular tana wurina. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba, sai da muka iso gida na same ta a aljihun rigar sanyina, jiƙe. Na wanke ta da ruwan ɗumi, na shanya a inuwa. Wuri ɗaya ya warware a gefe. Na yi kwana uku ina gyarawa, Chizuru na nuna min a waya tana cewa, "Mama, wannan ba gyara ba ne, sabon rauni ne." Duk inda Inna ta yi kuskure a saƙar na bar shi yadda yake. Na ƙirga su, goma sha bakwai ne, duk daga tsakiya zuwa sama, inda yatsun suka fara gazawa. A kansu na yi kukan da ban yi ba a asibiti.

Ga roƙona. Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa na safe in zo. Zan durƙusa gaban Inna in sa goshina kusa da tabarma in mayar mata da abinta. Idan ta warke ta ce a koma kan dutse, kai ka goye ta, ni in riƙe jaka, in hau matakalar nan duka, in tsaya in riƙe mata laima har ta gama abin da za ta yi. Laimar tata ce, Allah ya san niyyata. Idan kuma furanni suka fito, hanya ta buɗe, ina so mu kai ta Yamanashi, ta ga inda yake kwance, ta taɓa ƙasar da hannunta. Kuma ina so in ji ta kira sunansa, ni ma in kira. Bari in fara a nan, tunda takarda ba ta kallon idon mutum: Minoru. Ɗanmu Minoru.

Ba sai ka rubuto ba, na san magana na yi maka nauyi idan ranka ya sosu. Ba sai ka zo tasha ba. Silifas ɗina masu ruwan toka suna cikin akwatin takalma na bakin ƙofa, inda Inna ke ajiye su. Idan na turo ƙofa na same su a jere suna jirana, zan shigo. Idan ban same su ba, zan ajiye hular a kan dakali in juya, ba tare da na ga laifin kowa ba, in sake dawowa wata Asabar, da wadda ke bayanta, har ƙanƙara ta narke, har ta sake zubowa.

Taka tun daga bakin rijiya har bakin kabari, wadda ba ta da wani gida a duniya sai inda kake,

Hurera