Tsohuwar laftof nake son saya, amma muryar Kaka tana ɓoye a wayata

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan garinmu a nan, da sun ga sunan za su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san kan kwamfuta, sai dai ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin maganar ba ta kwamfuta ba ce kaɗai, kuma na gaji da riƙe ta ni ɗaya.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Bichi da Tsanyawa. Maigidana manomi ne, da yamma kuma yana koyarwa a Islamiyya. Sana'ata ɗaukar bidiyon taron mata, kamu, sa lalle, suna, walimar sauka. A wajenmu magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya shiga cikin gida da kyamara, to ta nan na samu hanya. Shekara huɗu ke nan ina yi, kuma da waya kaɗai nake ɗauka, da ita nake yin editin, wato yankawa da haɗa bidiyon. Wahalarsa sai wanda ya yi, wayar ta ɗau zafi, wuri ya cika, bidiyo in ya yi tsawo sai na raba shi gida uku kafin ya fita. Amma a haka aka san ni, har ƙauyukan da ke kewaye da mu ana zuwa a ɗauke ni a babur.

Ina da ƙawa, zan kira ta Saratu duk da ba sunanta ke nan ba. Tare muka taso, allonmu a zaure ɗaya ake jingine su. Lokacin da aurenta ya mutu ta dawo gida ba ta da abin yi, ni na ce ta riƙa bi na wajen aiki ko ta rage tunani. Ni na koya mata yadda ake tsayawa kada rana ta daki fuskar kyamara, yadda ake yanka, yadda ake ɗora sauti, komai da komai, ban ɓoye mata ko ɗaya ba. To bara bayan babbar sallah sai yayanta, wanda yake harkar hatsi a Dawanau, ya sayo mata laftof sabuwa dal a kwali, da 'yar makirfo ɗin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Ranar da ta kawo mini in gani na yi mata murna da bakina, na sa albarka, har na shafa murfin. Tana fita na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, tuwon da na ɗora har ya kama ban sani ba.

Tun daga nan zuciyata ba ta koma daidai ba. Bidiyonta ya riƙa fitowa tas, da rubutun sunan amarya yana yawo a sama, kwana biyu ta gama abin da ni sai na yi mako. Mutanen da suka saba kira na suka fara kiran ta, wasu ma ni suke tambaya lambarta. Kullum da safe kafin in yi shara sai na buɗe shafinta na ga me ta ɗora, in ja hoton in ƙara masa girma ina neman inda ta yi kuskure, in na samu sai in ji wani sanyi, in ban samu ba yinin ranar haka zan yi shi ina yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ba ta canza mini ba. Tana zuwa gaishe ni, tana kawo wa yara alawa, sau uku tana cewa in riƙa zuwa gidansu ina aiki da laftof ɗin, ko mu haɗa sana'ar mu riƙa raba abin da aka samu. Duk sanda ta faɗa sai in ji kamar sadaka take miƙo mini, sai in ce mata wayata ta ishe ni.

Ana haka sai bikin 'yar Goggona ya taso, ƙanwar mahaifina. Ban taɓa kawowa a raina za a ba wani aikin nan ba ni ba, har na share wayata na tanadi wuri. Sai Goggo ta kira ni ta ce ta ba Saratu, wai ni 'yar gida ce, in zauna in ci biki kamar kowa kada in yi ta yawo da waya. Na ce to. Daga baya maƙwabciyarta ta gaya mini abin da Goggo ta faɗa a bayan idona, wai na Saratu kamar a talabijin yake fitowa, nawa kuma fuskoki duhu. Wallahi na yi kuka, ba kuɗin ba ne ya dame ni, Goggon da ta goya ni ce ta faɗi haka.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maigidana. Ranar kai amarya bayan la'asar aka shigar da ita ɗakin kakarmu, wadda ta haifi babana da Goggo, domin ta yi mata nasiha. Saratu ta maƙala wa Kaka makirfo a bakin mayafi, ta ja baya ta fara ɗauka. Ni ina tsaye dab da gadon, kuma na ga 'yar wutar da ke jikin makirfon ba ta kama ba. Na san abin da hakan yake nufi, domin na daɗe ina kallon yadda irinta take aiki saboda son da nake mata. Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa ta gyara. Na buɗe baki, sai maganar Goggo ta faɗo mini a rai, na yi shiru. Maimakon haka na zaro wayata na riƙe ta ƙasa ƙasa a gefen zanina na danna. Kaka ta yi magana mai tsawo, ta kira sunan amarya na yarinta, ta ba ta labarin ranar da aka kawo ita kanta garin nan a kan jaki, ta yi mata addu'a, ta yi wa dukkanmu jikokinta ɗaya bayan ɗaya har da ni. Kowa a ɗakin yana hawaye. Duk ya shiga wayata, murya fes, har da fuskarta ta gefe.

Bayan kwana biyu Saratu ta zo gidana idonta ja. Ta ce hoton Kaka ya fita amma babu sauti ko kaɗan, bakinta kawai ake gani yana motsi, ta bi 'yan matan da suka shiga ɗakin babu wadda ta ɗauka. Ta dube ni ta ce, "Ke da ba kya rabuwa da waya, don Allah ko kaɗan ba ki ɗauka ba?"

Na ce, "Ai an ce in zauna in ci biki, cin biki na yi."

Ta ce haka ne, ta ba ni haƙuri a kan aikin da aka ba ta, wai ita ma ba ta so ba. Daga nan ta je ta gaya wa Goggo gaskiya, Goggo ta yi mata faɗa sosai a gaban mutane, ta ce mai kayan zamani ashe ba ta iya kunna su ba. Da labarin ya zo mini, ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Kwana biyu ina jin daɗin nan.

Mako uku da biki Kaka ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Tana nan da rai alhamdulillahi, tana gane mutane, tana cin abinci in an ba ta, amma maganar ta tafi, sai dai sauti da ba a fahimta. Tun daga ranar nan amarya take kira na a waya tana kuka, wai da ma ko muryar ce a same ta, ranar kuka ya hana ta jin rabin abin da Kaka ta faɗa mata. Ni kuma ina riƙe da wayar da muryar take ciki ina ce mata ta yi haƙuri. Idan na je duba Kaka ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ba na iya haɗa ido da ita.

To a cikin wannan halin ne maganar laftof ta shigo. Akwai wani mai gyaran waya da kwamfuta a Bichi da nake kai wa wayata, ya san na daɗe ina so, ya nuna mini wata da ya ce 'yar waje ce, an yi amfani da ita a can, shi kuma ya yi mata kwaskwarima. Bai ɓoye mini ba, ya ce tsohuwar fita ce, ta kusa shekara tara. Ram ɗinta, abin da ke ba ta saurin aiki, takwas ne, ya ce ana iya ƙarawa daga baya, ya cire tsohon ma'ajinta ya sa mata wanda ake kira SSD, amma ba ta da katin hoto na musamman irin wanda masu editin suke nema. Batirinta bai kai awa ɗaya ba, mu kuma garinmu wuta sai a yi sati ba a gan ta ba, a shagon mai sola muke kai caji. Na ce ya gwada a gabana, muka ɗora wani bidiyon suna na minti goma. Wajen yanka da jerawa ta yi ƙoƙari, ta fi wayata nesa ba kusa ba, amma da na sa rubutu da gyaran kala sai ta fara tsayawa tana ci gaba, fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafi, kuma sai da muka yi fiye da rabin awa kafin bidiyon ya fita. Garantin sati biyu ya ce zai ba ni, in ta wuce haka babu ruwansa.

Kafin in iya sayenta sai na sayar da awakina biyu da waken da na samu a gayaunata bana, kuma yanzu lokacin girbi ne, wake bai yi daraja ba, asara zan yi in na fitar da shi. Da na kai wa maigidana maganar bai hana ni ba, ya ce dukiyata ce. Amma sai ya ce, "Ki tambayi kanki, aiki kike so ki inganta ko Saratu kike so ki kayar. In na farko ne zan raka ki Bichi da kaina." Na yi fushi na ce yana goyon bayan bare, har na ƙi yi masa magana sai washegari. Alhali bai ma san komai a kan bidiyon Kaka ba, halina kawai ya karanta.

Kuma gaskiyarsa ne. Abin da na tsara a raina shi ne in sayi laftof ɗin, in haɗa bidiyon Kaka da kyau, in sa rubutu da hotunanta na da, in kai wa amarya da Goggo a gaban kowa, a ga wadda aka raina ita ce ta ceci abin da mai sabuwar kwamfuta ta zubar. Har yadda fuskar Goggo za ta yi na sha zanawa a zuciyata. Sai dai duk sanda na kai nan sai in tuna Saratu ta tambaye ni ido da ido na ce ban ɗauka ba. Na yi tunanin in ce daga baya na tsince shi a wayar ban san ya shiga ba, amma wannan wata ƙaryar ce a kan ta farko, kuma Saratu ta san aiki, tana ganin yadda aka riƙe wayar za ta gane da gangan aka ɗauka, za ta kuma gane dalilin da ya sa na ɗauka.

Masu sanin kwamfuta don Allah ku gaya mini tsakani da Allah, irin wannan laftof ɗin za ta yi mini aikin biki mai tsawon awa guda, ko kuwa awakina zan sayar in sayo wa kaina ciwon kai? In an ƙara mata ram da sabon batir za ta canza, ko tsufanta ya riga ya yi yawa? Ko in haƙura in riƙe wakena zuwa bazara in ƙara tari in sayi wadda ta fi ta? Sauran 'yan uwa kuma, ku da kuka taɓa jin irin wannan abin a kan wanda bai yi muku laifin komai ba, ya kuka yi ya fita daga zuciyarku? Ina yi mata addu'a bayan sallah kamar yadda na ji ana cewa a yi, amma bakina ne kawai yake yi.

Mai gyara ya ce zai ajiye mini ita zuwa Juma'a, bayan nan akwai wani ɗalibi da yake so. Kuma a Juma'ar nan amarya za ta zo daga gidan mijinta duba Kaka, ta ce in zo mu haɗu a can. Wanda zai zage ni ya zage ni, na san na cancanta, amma don Allah ya haɗa da gaya mini inda zan nufa da safiyar ranar. In hau mota zuwa Bichi, ko in ɗauki wayata in tafi gidan su Saratu in ce mata na ga wutar makirfon ba ta kama ba, na yi shiru?