Shingen da Kawu Ya Dasa

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya su Hajara da yara? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Kawu Sale?

Inna, akwai abin da na kasa gaya wa kowa. Kafin rasuwarsa, Kawu ya dasa shinge a gidan kafil ɗinmu, wato Balaraben da ya ɗauke mu aiki, a nan unguwar Gharrafa, wasu 'yan itatuwan ƙasar sanyi masu ganye kamar allura. Yanzu ni ke ba su ruwa, kuma sai da sassafe, don zafin nan ƙona su yake yi.

To, kwanan nan in na dawo daga sallar asuba, sai in tarar da gindinsu a jiƙe. Maigadi ya rantse ba shi ba ne. Ni ta dama nake naɗe tiyo, amma kullum ta hagu nake samunsa a naɗe. Kin dai san ƙanenki bahago ne.

Jiya na daure na yi wa shingen sallama. Babu iska ko kaɗan, Inna, amma ganyen ya motsa.

Ki gaida Baba da mutanen gida. Ki sa mu a addu'a, ni da Kawu. Ki roƙa masa Allah ya ba shi hutu, ni zan kula da itatuwan.

Ɗanki,
Habu